Maɓallin da Yaya Ke Murɗawa

Litinin, 6 ga Oktoba

Likita ya ce kunnen Yaya na hagu ya tafi, na dama kuma ya kama hanya. Ba daga bakin Yaya na ji ba. Matarsa ce ta faɗa min da safe tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba. Sharaɗin likita shi ne ko dai ya daina tsayawa kusa da injin sassaƙa, ko ya riƙa sa marufin kunne duk lokacin da injin ke aiki, sannan ya koma a sake auna shi. Yaya ya ce to, ya fito daga asibiti ya zarce shago.

Marufin kunnen yana rataye a ƙusa bayan ƙofar shago tun ranar da aka kawo injin. Gizo-gizo ya tare a ɓari ɗaya.

Na san dalilin da ba zai sa ba. Tun da jaridarmu ta rufe na dawo shagonsa, ni ke zana ƙofofi da alluna a kwamfuta in tura wa injin. Gaba, baya, hagu, dama, zurfi, duk kwamfuta ke ba da umarni. Abu ɗaya ya rage a hannun mutum: saurin juyawar rauta, ƙaramin injin da ke riƙe da bakin sassaƙa. Tana da akwatinta daban a jikin tebur, da maɓallin murɗawa irin na tsohuwar rediyo. Maɓallin nan na Yaya ne. Da baki ya shiga katako sai ya matso, ya rufe ido, ya karkata kai, ya yi ta murɗawa a hankali har kukan ya yi masa daidai, ya ce "Yauwa." Akwatin yana da ɗan gilashi mai nuna lambar gudu, amma ya liƙe shi da baƙin salatif tun tuni, wai lamba tana raba wa mutum hankali.

Wanda ke aiki da kunne ba zai yarda ya toshe shi ba. Ke nan lallashi ba zai yi ba, sai dai a haɗa wa rauta waya zuwa kwamfuta. In kwamfuta ta karɓi saurin, ba shi da sauran dalilin tsayawa a cikin ƙarar.

Matarsa ta ce, "Kai ne mai karatu, Auta. Fitar min da shi daga ƙarar nan."

Talata, 7 ga Oktoba

Na yi masa maganar muna shan shayi. Sai da na zagayo ta damansa na maimaita.

"Kwamfutar taka tana da kunne?"

Na ce ba ta buƙata, lissafi take yi.

"Ni ma lissafin nake yi, a nan," ya ce, yana taɓa kunne. Na hagun ya taɓa. "Haɗa duk wayar da za ka haɗa, Edita. Amma kada ka taɓa min maɓalli."

Dogo, mai yi mana guga da fenti, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge ƙofar da ta riga ta yi santsi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na karanta littafin da ya zo da akwatin daga bango zuwa bango. Da a jarida aka kawo min irin wannan rubutu, da na mayar wa mai shi.

Abin da na fahimta: waya uku ake buƙata daga allon injin zuwa akwatin. Ɗaya ta kunnawa da kashewa, ɗaya ta ƙasa, ta ukun mai ɗaukar umarnin gudu. Kwamfuta ba ta faɗa wa akwatin lamba. Wuta take kunnawa tana kashewa da saurin da ido ba ya kamawa, kuma gwargwadon daɗewar kunnawar, gwargwadon gudun. Akwai ɗan ido a jikin rauta mai kallon farin fenti a kan sandar da ke juyawa, shi ke ƙirga juyi ya gaya wa akwatin ko ta yi sauri ko ta rage. Abin ya burge ni, ba laifi.

Sai shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe. A cikin akwatin akwai 'yar gada ta roba mai ƙafa biyu, ba ta kai farce ba. In tana gefen hagu, maɓalli ke mulki. In an mayar da ita dama, kwamfuta ke mulki, maɓallin kuma ya mutu. Babu tsakiya.

Kamar kullum, ainihin labarin sai a sakin layi na ƙarshe.

Asabar, 11 ga Oktoba

Injiniya, mai gyara mana wuta, ya zo da mitarsa da surutunsa, lokacin Yaya ya fita awon tagogi gidan wani. Muka ɗaura wayoyin, na mayar da gadar dama, na rubuta wa manhajar kwamfutar gudu mafi ƙanƙanta na danna. Rauta ta tashi da ihu kamar za ta bar teburin. Na rubuta mafi girma, ta koma rarrafe.

"Tana jin magana," in ji Injiniya, "sai dai a juye. Irin surukina ce. In kana son ya zauna, ce masa ya tashi."

Wani ɗan gurbi ne a manhajar da ban sa wa alama ba. Na sa, ta miƙe. Amma gudun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka kamar numfashin mai minshari. Injiniya ya bi wayar da yatsa, ya tarar na ɗaure ta tare da babbar wayar wuta don ta yi kyaun gani.

"Kai ka haɗa mai raɗa da mai shela ɗaki ɗaya, kana so a ji raɗar? Nemo waya mai riga, ka ba ta hanyarta daban."

Kafin Yaya ya dawo na mayar da gadar hagu. Injiniya yana naɗe kayansa ya ce, "Ka gaya wa babban mutum abin da gadar nan ke yi?" Na ce zan gaya masa in an gama. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauki mitarsa ya tafi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ba a samu wayar ba. Gefen ƙofar wani mai kanti ya ƙone ya yi baƙi. Yaya ya ce katakon ɗanye ne.

Laraba, 15 ga Oktoba

Waya ta samu, gudu ya tsaya wuri ɗaya cak. Abin da na rubuta shi ke fitowa a gilashi, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ban so gani ba shi ne na safe. Yaya ya daidaita da hannunsa kamar kullum, ya ce yauwa, ya tafi ɗauko katako. Na ɗaga gefen salatif ɗin na leƙa. Lambar tana dab da ƙurewa, kusan ninkin abin da masu ƙera bakin suka ce ya dace da girmansa. Ashe murɗawa yake har sai ya ji, kuma yanzu ba ya ji sai ta kai can. Ga amsar gefunan da ke ƙonewa da bakunan da ke dakushewa tun watannin baya. Mun yi ta zagin mai sayar mana da katako a banza, har na taɓa rubuta masa saƙo mai zafi, da waƙafi da aya a wurarensu.

Da rana Yaya ya fita, na gwada a kan guntaye: mai laushi, mai tauri, falanki. Na ajiye wa kowanne gudunsa a manhajar. Da za mu tashi na mayar da gadar dama, na rufe akwatin, na bar ta a nan.

Gobe zan gaya masa kafin a kunna.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ban gaya masa ba.

Ya riga ni zuwa, ya ɗaure katako a tebur, yana cikin raha, yana tsokanar Dogo a kan sabon askinsa. Na ce bari a fara tukuna. Na danna. Rauta ta tashi a gudun da na ba ta, baki ya shiga katako. Yaya ya matso, ya rufe ido, ya karkata kai, ya kama maɓalli.

Na tsaya ina jiran ya buɗe ido ya ce me ka yi wa kayana. Har na shirya amsa.

Ya murɗa dama. Ya dawo hagu kaɗan. Ya ƙara dama. Kukan bai motsa ba ko kaɗan, murya ɗaya tun daga farko, ni da na zo sana'ar jiya ma ina ji. Can ya saki maɓallin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Yauwa," ya ce.

Dogo ya daina guga. Ya dube ni, na dubi allon kwamfuta.

Likita ya ce kunnen dama yana kan hanya. Ban san ya yi nisa haka ba. Ina jin shi ma likitan bai sani ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Aiki yana fita fes. Babu ƙuna, babu zare a gefe, garin katakon ma fari yake zubowa. Yaya ya shafa furen da ke jikin ƙofa da babban yatsa, ya kira ni.

"Edita, zo ka ga hannu. Kwamfutarka ta gama karatun ko da saura?"

Na ce da saura kaɗan. Ya yi dariya ya ce in bi ta a hankali, yarinya ce.

Dogo ya same ni wajen famfo. "Ni dai ban ga komai ba," ya ce. "Amma ban iya riƙe fuska ba, ka sani."

Talata, 21 ga Oktoba

Matar Yaya ta aika in biya ta gidan. Na tarar tana wanke kwanuka, irin wankin da ake ji daga waje.

"Sannu da aiki, matarmu."

"Riƙe sannunka. Yayanka ya ce ba zai koma asibiti ba. Wai kunnensa ya dawo, aikinsa bai taɓa kyau irin na makon nan ba, likita ne bai san aikinsa ba. Me ka yi?"

Na gaya mata duka, har gadar. Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a zani.

"Na ce ka fitar min da shi daga ƙarar, kai kuma ka shimfiɗa masa tabarma a ciki."

Na ce ina neman lokacin da ya dace ne.

"Ku 'yan jarida har lokaci kuke nema? Ba ku ne ke buga mutuwar mutum kafin danginsa su ji ba?"

Ban samu abin gyarawa a maganarta ba. A da yana tsaye cikin ƙarar ne don aiki. Yanzu yana tsaye a banza, kuma ni na tsayar da shi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na tsara jimlar a kaina har ta yi gajarta yadda nake so: Yaya, maɓallin ba ya aiki tun makon jiya, ni na cire shi. Da na zagayo damansa sai na ji bakina yana tambayarsa inda ya ajiye sukundireba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ya gano da kansa.

Babbar ƙofar wata malamar makaranta muke sassaƙawa, katako mai tauri, kuma akwai ƙullin reshe a ɓoye wajen tsakiya wanda ban lura da shi ba. Manhaja ba ta san da ƙulli ba, gudun da na ba ta shi take yi. Baki ya isa wurin, tebur ya ɗauki rawa. Hannun Yaya na hagu yana kan teburin, ta nan ya ji. Ya kai hannu ya rage maɓalli. Babu abin da ya canza. Ya ƙara ragewa. Ya murɗe shi gaba ɗaya har ya ƙure, inda ya kamata rauta ta kusa tsayawa, ita kuwa tana ta ihunta, hayaƙi ya fara tashi. Na doke jan maɓallin tsayarwa.

Shiru. Sai ƙaurin ƙonannen katako.

Bai dube ni ba. Ya sa farce ya ɓare salatif ɗin daga gilashin, ya manna shi a gefen tebur. Ya ce in ɗaga bakin sama in kunna. Na kunna. Ya murɗa maɓallin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ido a buɗe, yana kallon lambar. Tana nan inda take. Ya yi min alama in kashe.

"Tun yaushe?"

"Tun Alhamis ɗin waccan."

"Ƙofar mai furanni?"

"Har ita."

Ya juya wajen Dogo. Dogo bai iya riƙe fuska ba, kamar yadda ya faɗa.

Na ɗauka zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki hularsa daga kan injin yanka, ya ce wa Dogo ya rufe taga in za a tashi. Ya fita.

Ƙofar za ta gyaru, ƙunar ba ta yi zurfi ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Bai zo ba. Injin ya yi aikinsa daidai, babu wanda ya ce yauwa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na je gidan da la'asar. Yana zaune a baranda da tsofaffin kurfunansa na sassaƙar hannu a shimfiɗe kan buhu, yana wasa su ɗaya bayan ɗaya a dutse. Na zauna ta damansa. Na ba shi haƙuri, a taƙaice, ban kawo dalilai ba.

Ya gwada kaifin a bayan farce. "Lokacin da kake koyon keke, ni ke riƙe maka sirdi. Ka tuna?"

Na ce na tuna.

"Na sake ka tun daga bakin layi, kana ta yi min surutu, ba ka san ni kaɗai na tsaya a baya ba. Da ka waiwaya ka faɗi, ka yi kwana biyu ba ka yi min magana." Ya ɗiga ruwa a dutsen. "To ba wannan ke damuna ba. Ƙarya ce ka yi, ƙanne suna yi. Abin da ke damuna, na murɗa abin nan fiye da mako, ina cewa yauwa. Me nake ji, Auta?"

Ban sani ba. Ina tsammanin abin da ya saba ji yake ji, daga ciki.

Na gaya masa lambar da na gani a ƙarƙashin salatif, da batun mai katako. Ya ce, "Bawan Allah. Ka je ka ba shi haƙuri, kai ka rubuta masa wasiƙar." Na ce amma ƙullin nan shi ya ji shi kafin kowa, ni da kwamfutata muna tsaye. Ya ce kada in yi masa daɗin baki, ba kunne ne ya ji ba, tafin hannu ne.

Na ce to tafin hannu ba ya buƙatar kunne a buɗe.

Ya ci gaba da washi. Matarsa ta kawo shayi kofi biyu, ta ajiye nawa da ƙarfi kaɗan.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Littafin ya ce babu tsakiya, kuma a cikin akwatin gaskiya ya faɗa. Amma manhajar tana da hanyar da za a iya ƙara gudu ko rage shi ana cikin aiki. Na kira Injiniya. Muka zare wayoyin maɓallin daga akwatin muka kai su allon injin, muka bar maɓallin kansa a raminsa. Yanzu kwamfuta ke sa gudun farko, maɓalli kuma yana iya ragewa sosai, amma ƙari kaɗan kawai na bar masa, ba zai kai inda yake ƙona katako ba.

"Ka mayar da shi mataimakin shugaba ke nan," in ji Injiniya. "Yana da ofis, yana da mota, sa hannu sai an duba."

Na ce wannan karon zan gaya masa iyakar da na sa, da kaina, kafin ya taɓa.

Na je wurin mai katako. Ya ce ya ajiye saƙon nawa, yana nuna wa 'ya'yansa don su koyi rubutu.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ya zo da hantsi. Ya tsaya a bakin ƙofa har sai da injin ya gama abin da yake yi. Na zagayo damansa na yi masa bayani duka: me maɓallin zai iya, me ba zai iya ba, da wanda ya sa iyakar. Ya saurara yana kallon bakina.

"Wannan karon da rai?"

"Da rai. Duba lambar."

Na kunna a sama. Ya rage, lambar ta sauka. Ya ƙara, ta hau ta tsaya a iyakarta. Ya sake matsawa, ta ƙi.

"Kai da kwamfutarka ba ku yarda da mutum ba," ya ce.

Ya je bayan ƙofa ya ciro marufin daga ƙusa, ya hure shi, ya tambayi Dogo wa ya bar gizo-gizo ya tare masa a kaya. Ya rataya shi a wuya. Da baki ya kusa shiga katako ya ɗaga shi ya ɗora a kunne, ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Don matarku ta bar ni in sha iska ne."

Ya ɗora tafin hagu a tebur, na dama a maɓalli. Bai rufe ido ba. Bai ce yauwa ba, amma bai murɗa da yawa ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ya fita kai ƙofar malama, na sa falanki ni kaɗai. Wajen tsakiyar aiki kukan ya ɗan yi kauri, kaɗan ne, lambar ba ta nuna komai ba. Na ga hannuna a kan maɓallin, na rage. Da na duba, bakin ya fara tara danƙo.

Dogo ya ce wai ya ga na karkata kai na rufe ido. Ƙura ce ta shiga min. Na dai aika a sayo marufi na biyu, da na uku saboda Dogo.

Matar Yaya ta ce ya yarda zai koma asibiti ranar Alhamis a sake auna kunnen daman, har ya ce ta goge masa farar riga. Majiya ɗaya ce. Ban ji daga bakinsa ba tukuna.